Ɗigon Kaki a Cinyar Hagu

Litinin, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Saura kwana goma sha bakwai in yi laccar bankwana. Shekara arba'in da uku ke nan ina koyar da tarihin tunanin tattalin arziki a nan birnin Solo, wato ina gaya wa yara abin da matattu suka ce game da kasuwa, kuma har yau ba a daina biyana albashi ba. Ranar 22 ga wata za a sa mini rigar nan mai zafi, in yi magana ta awa ɗaya, in gode wa kowa har mai gadi, in yi ƙwalla a daidai inda ake yi, a ci shinkafa a watse.

Laccar a kan Reksowiguno ce, sai me kuma? In aka ce Harjoko, wato ni, a garin nan, kafin a rufe baki wani zai ce Rekso. Ni na tono shi daga wata ƙaramar jarida ta 1927 da asu ya kusa gamawa da ita: wasiƙu goma sha biyu da sa hannunsa, mutumin Laweyan, unguwar masu zanen batik, wanda ake yi wa ado da narkakken kaki kafin a rina. Shi ne ya ce ranar ruwa ma tana cikin farashi. Ranar da aka yi ruwa zane ba ya bushewa, amma mai rini sai ya ci abinci, don haka duk wanda ya sayar da zane a kan kuɗin ranar rana kaɗai ya ci haƙƙin wani. Littafina a kansa shi ya ba ni kujerar farfesa.

Yau jikarsa, Bu Ratmi, wato Malama Ratmi, ta zo a keken haya da wani akwatin katako. Za su mai da tsohon gidansu masaukin baƙi, sun tsince shi a saman rufi, ta ce ni na fi cancanta. Na yi godiya har ƙofa.

Ban buɗe ba. Murtini, matata, ta dawo daga asibiti da takarda a ambulan, ta sa ta ƙarƙashin kwanon ayaba, ta ce in daina kallonta kamar na ga fatalwa. Ba zan rubuta maganar ba.

Kurciyata ta yi kuka sau tara. Sunanta Majalisa, domin magana ɗaya take maimaitawa tun safe.

Talata, 6 ga wata, da hantsi

Na buɗe akwatin. Da na sani da na fara karyawa.

Talata, bayan azahar

Bari in rubuta a tsare, kamar ba ni abin ya shafa ba.

A cikin akwatin akwai daftarin wasiƙun nan duka goma sha biyu, an rubuta su a bayan takardun da ake zana furen batik, da goge-goge da gyare-gyare, da ɗige-ɗigen kaki a gefe. Haruffan ƙanana ne, a miƙe, kamar jerin tururuwa. Na san rubutun Rekso daga takardun kwamitin masallaci, shi kuwa kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Akwai kuma wasiƙa daga editan jaridar zuwa ga Mbok Mase Suginah, wato Uwargida Suginah, matar Rekso, mai masana'antar gidan. Yana cewa ya karɓi rubutunta na huɗu, kuma za su ci gaba da sa sunan maigidanta kamar yadda ta roƙa, tunda ta ce masu sayar mata da farin yadi za su tsawwala mata in suka gane ita ke tona musu asiri.

A can ƙasa na sami littafi ɗaya da Rekso ya rubuta da hannunsa. Shafi tamanin, duk a kan abincin kurciya ne, da wadda ta yi mura da wadda ta daina kuka. Wallahi wasu shawarwarin nasa masu kyau ne. Na ji mun ƙara zama 'yan'uwa ni da shi, amma ba ta hanyar da na so ba.

Na tura akwatin bayan buhun geron Majalisa. Murtini ba ta zuwa wurin, ta ce wari yake yi.

Laraba, 7 ga wata, da safe

Ban taɓa yarda da kwamfuta ba. Aikina duka a kan kati yake, kati ɗaya tunani ɗaya, a ƙasansa majiya da shekara. Katunan suna cikin gwangwanayen biskit na sallah, guda talatin da ɗaya, kowanne da sunansa. Talatin na ilimi ne. Na ƙarshen, mai hoton furanni, na rubuta masa RAHA, nan nake ajiye abin da zan sa ɗalibai dariya don kada su yi barci.

Katin farko a cikinsa ya yi laushi don ɗauka. Ga abin da ke kai: «Matata ta ce mace ce ta rubuta wasiƙun Rekso. Hujjarta cinya. Majiya: Murtini, kicin, 1988.»

A wasiƙa ta bakwai marubucin ya ce wanda bai taɓa jin ɗigon kaki mai zafi a cinyarsa ta hagu ba, kada ya zo yana gaya masa farashin zane. Ni na yi shafi goma sha huɗu a kan wannan jimla. Na ce kakin harajin Turawan mulki ne, cinyar hagu kuma talakawa. An yaba wa babin har a ƙasashen waje. Murtini kuwa, 'yar mai batik jikar mai batik, tana soya tempe, curin waken suyar nan, ta ce mini maza a tsaye suke buga hatimi a kan tebur, mata ne ke zama da yadi a cinya suna zana da canting, ɗan cokalin tagullar nan mai siririn baki, kuma in ya ɗiga a hagu yake ɗiga. Na yi dariya har na ƙware, na tashi na rubuta kati.

Shekara talatin da shi nake buɗe darasin farko. Ɗalibai sun haddace shi, na aji biyu suna gaya wa na aji ɗaya su jira wurin cinya.

Tabon yana nan a cinyarta ta hagu, guda uku, kamar ƙwayar wake. Shekara arba'in da ɗaya ina ganinsa.

Juma'a, 9 ga wata, bayan saukowa daga masallaci

Na je wurin Pak Gunadi, wato Malam Gunadi, shugaban tsangayarmu. Ɗalibina ne a da, na taɓa mai da masa kundinsa sau uku saboda ya sa shekara ba daidai ba a ƙasan shafi. Tun kafin in zauna ya jawo ni in ga abin mamaki. An gama sabon ɗakin karatu, za a buɗe shi ranar laccata da sunan Reksowiguno. An buga allon tagulla. An kuma sa mai zane ya yi hotonsa, ya fi ƙofa tsawo, gashin baki kamar ƙahon bauna, hannu ɗaya a kan littafi, yana hangen makomar ƙasa.

Na nuna masa wasiƙar editan. Ya karanta, ya sake karantawa, ya tashi ya rufe ƙofa, ya aika a kawo mana shayi.

«Farfesa, wa ya gani?»

Na ce ni, sai Bu Ratmi in ta iya tsohon rubutu.

«To a bar kaza cikin gashinta. A yi biki lafiya. Bayan shekara ɗaya ka rubuta 'yar takarda a mujallarmu, ai ba mai karanta ta, ni ma da nake edita ba na karantawa.»

Ya ce ba ƙarya zan yi ba, jinkiri ne kawai, kuma an riga an biya mai tagulla. Ya ce mutum ba ya rushe gidansa ranar da ake masa walimar gama gini. Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi a kunne. Shekara arba'in ina yi wa mutane gyara da jan biro, ashe da gaske wanzami ba ya son jarfa.

Shekara ɗaya. Na dawo ina juya kalmar a kan babur. Da can shekara ɗaya ba komai ba ce a gidanmu.

Lahadi, 11 ga wata, da yamma

Na yi niyyar gaya wa Murtini yau. Na sayo mata serabi, wainar shinkafar nan, masu zafi daga wurin matar nan ta kusa da gada, na zauna, na gyara murya, na ce Bu, akwai wata magana game da Rekso.

Ta ce ya tashi daga kabari ne? Na ce a'a. Ta ce to ya jira, gefen serabin ya fi daɗi da zafinsa. Ta ci rabin ɗaya ta ture sauran gabana. Da, huɗu take ci ta ƙwace nawa.

Na cinye biyar da rabi, ban faɗa ba.

Litinin, 12 ga wata, da sassafe

Majalisa ta ƙi kuka. Na gwada shawarar Rekso ta shafi na ashirin.

Laraba, 14 ga wata, bayan la'asar

Asibiti tun ƙarfe bakwai. Likitan yaro ne ƙarami, ya yi ta zana mana abu a takarda da kibiyoyi. Murtini ta dubi rigarsa ta batik ta ce masa bugun inji ce, an cuce shi, in ya yi aikinsa da kyau za ta ba shi ta hannu. Ya yi dariya har ya manta inda ya tsaya. Ni na ƙirga tayil ɗin bango, ɗari biyu da shida ne.

Wulan, 'yarmu, ta kira daga Semarang. Za ta zo ranar 21. Ita ba ta iya kewaye-kewaye ba, halin uwarta ta ɗauko.

«Bapak, ranar 26 za a yi wa Ibu tiyata. Ka faɗa da bakinka mana, ko sau ɗaya.»

Na ce mata layin ba ya da kyau.

Ga shi ta sa na rubuta.

Alhamis, 15 ga wata, da hantsi

Kowace shekara kafin a fara zango nakan kai ɗalibai kabarin Rekso mu zuba fure mu yi addu'a. Yau na je ni kaɗai. Na sayi fure ƙunshi biyu a bakin maƙabarta, mai furen ta ce yau Farfesa ya yi baƙo ne?

Kabarin nasa tsaf, ni na sa aka yi masa sabon dutse. A gefensa akwai wani gajere, gansakuka ta rufe shi. Na san shi sarai, domin a nan nake jingina lemata in zan yi wa ɗalibai bayani. Na kankare da makullin babur. Suginah, 1961. Ta rayu shekara ashirin da biyu bayan mijinta, ina ɗan shekara goma sha uku ta rasu, tsakanin gidansu da makarantarmu bai fi tafiyar minti goma ba.

Na zuba mata ƙunshi ɗaya da rabi. Na ba ta haƙuri a kan lemar. Shi kuma na zuba masa rabin, na gaya masa maganin murar ya yi aiki, Majalisa ta dawo da kuka jiya.

Na yi kuka kaɗan, amma ana yayyafi, ba wanda ya lura.

Asabar, 17 ga wata, bayan azahar

Yanzu lacca biyu gare ni. Tsohuwar tana cikin jan fayil, shafi ashirin da biyu, kowace jimla na goge ta kamar takalmin sallah. Sabuwar shafi tara ce, kuma tana ɗingishi.

In na karanta ja, kowa zai tafi gida da murna, Murtini ma za ta tafa. In na karanta ɗayar, littafina ya zama abin koyar da yara yadda ba a yi, kuma duk wanda na taɓa kayarwa a jarrabawa zai sha shayinsa da daɗi. Akwai aƙalla farfesoshi uku a Yogya da za su yanka akuya.

Murtini ta shigo tana neman almakashi, ta tsaya a kaina. Ta ce me ya sa fayil biyu, aure biyu zan yi? Na ce ɗaya na ko-ta-kwana ne. Ta ce ita dai abu ɗaya take roƙo, kada in manta da labarin cinya, don ta gayyaci ƙawayenta na kasuwa su goma sha ɗaya, kuma ta yi musu alkawarin za su yi dariya.

Ta fita ba ta ɗauki almakashin ba.

Litinin, 19 ga wata, da safe

Ruwa kwana biyu a jere. Wanki bai bushe ba. Na tsaya a baranda ina kallon riguna suna ɗiga, na ce ranar ruwa ma tana cikin farashi, sai na ji kunya ta kama ni. Yaushe Rekso ya taɓa shanya ko hankici?

Talata, 20 ga wata, bayan la'asar

Pak Gunadi ya kira sau huɗu. Na ce wa Murtini ta ce masa ina wanka. A na huɗun ta ce masa, «Nak Gun, in ya ƙara wanka ɗaya zai narke, ka faɗa mini saƙon.» Bai faɗa ba.

Ta kwanta da rana yau ma. Na zauna a gefenta ina yi mata fifita da jan fayil. Aƙalla ya yi wani amfani.

Laraba, 21 ga wata, bayan magariba

Wulan ta iso da miji da jikoki da hayaniya. Murtini ta fito da zanen da za ta ɗaura gobe, wanda ta zana da hannunta kafin aurenmu, wata bakwai tana yinsa. Ta sa Wulan ta rage mata rigar a gefe biyu.

Na sa fayil biyu a jaka. Na cire ɗaya. Na mayar. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Alhamis, 22 ga wata, bayan la'asar

An yi.

Zauren ya cika har baranda. Tsoffin ɗalibai sun zo daga Jakarta da tumbinsu, hoton Rekso a gefen dandamali an lulluɓe shi da farin yadi, Pak Gunadi yana gumi tun kafin a kashe fanka saboda makirufo. Murtini a layin gaba, ƙawayenta goma sha ɗaya a bayanta, kowace da mafici.

Na hau da fayil biyu. Ban buɗe ko ɗaya ba tukuna, na zaro katin daga aljihu. Suna ganinsa aka fara dariya, wani daga baya ya ce, «Cinya!» Na karanta shi kamar kullum, har da tsayawar da nake yi kafin kalmar ƙarshe. Aka kwashe da dariya, har shugaban jami'a.

Na bari suka gama. Sannan na ce shekara talatin muna wannan dariyar tare, kuma ina so su sani ita ce mai gaskiya, ni ne abin dariyar.

Wasu suka ƙara dariya, sun ɗauka sabon salo ne. Na ɗaga wasiƙar editan na karanta musu. Daga nan sai ƙarar mafici kawai ake ji.

Na buɗe mai shafi tara. Na gaya musu wace ce Suginah, mace mai ma'aikata sittin da ba ta taɓa shiga aji ba sai na allo, wadda ta koyi rubutun boko daga takardun odar yadi. Na ce wasiƙun ba su ragu da komai ba, sun ƙaru ne, domin ba hasashen mai zaman kujera ba ne, maganar wadda ta ciyar da mutane sittin a damina ce. Na ce su yage shafi na 112 zuwa na 125 na littafina, kakin kaki ne, cinyar kuma cinya. A nan aka yi dariya ta gaske, matan kasuwa suka fi kowa, ɗaya har tana dukan ta kusa da ita da mafici. Na roƙa kada a zubar da hoton Rekso, a kai shi ƙungiyar masu kiwon kurciya, can ne gidansa, kuma ya cancanta.

Wurin godiya ne ya gagare ni. Na shirya sunaye arba'in, na karanta ɗaya, murya ta ƙi. Ƙwallar ta zo ba a inda na sa mata alama ba.

Ban dubi layin gaba ba sai da aka kawo tumpeng, tulin shinkafar rawaya mai tsini. Kan tsinin na babban baƙo ne, kuma shugaban jami'a ya riga ya gyara riga ya matso. Na yanka, na wuce shi da farantin, na durƙusa gaban Murtini, gwiwata ta yi ƙara kowa ya ji. Ta karɓa, ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa. 

Pak Gunadi ya same ni a ƙofa. Na zaci faɗa ne. Ya ce allon tagulla ana iya juya bayansa a sake bugawa, ya riga ya tambaya tun Litinin, abin da yake ta kirana ya faɗa mini ke nan. Ya ce in rubuta masa sunan daidai da shekara, don ya san halina.

Juma'a, 23 ga wata, da hantsi

Bu Ratmi ta zo gaisuwa da safe. Ina ɗaki ina neman tabarau na ji ta a baranda tana cewa, «Mbak Mur, na sauke nauyin, ko?» Murtini ta ce mata ta yi a hankali, bango yana da kunne kuma kunnen yana sanye da zani.

Na fito da zanina. Sai da na matsa suka faɗa. Ba wani saman rufi. Akwatin yana ƙarƙashin gadon Bu Ratmi tun 1999. Satin da littafina ya fito suka haɗu a gidan biki suna yanka albasa, Ratmi ta ce mata akwai wasu takardun kakarta, ta kai ta ta gani. Murtini ta karanta, ta rufe, ta ce a ajiye sai ta yi magana. Ranar da ta karɓo ambulan ɗin nan, daga asibiti gidan Ratmi ta biya.

Bayan baƙuwa ta tafi na tambaye ta don me ta yi shiru shekara goma sha tara.

«Ni na yi shiru? Pak, duk shekara kai da bakinka kake faɗa wa yara ɗari biyu. Dariya kawai kuke yi.»

Na ce ai da ta nuna mini takardun.

Ta ce a satin nan ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba, har waƙa nake yi a banɗaki, ba ta ga dalilin kashe mini fitila ba. Ta ce ta yi ta jira in gano da kaina, tunda an ce ni masani ne. Sai ta dubi kwanon ayaba.

«Amma na ga in na ci gaba da jiranka, Mbok Mase Suginah za ta tare ni a can ta tambaye ni, kuma ba ni da amsa.»

Na ce kada ta ƙara irin wannan maganar. Ta ce to in daina ɓoye abu bayan gero, ɓera ya fara cin gefen akwatin, ita ta sa masa tarko.

Lahadi, 25 ga wata, bayan azahar

Ta shirya jakarta da kanta. Ta sa rigar batik ta hannu a ciki, ta likita, a naɗe da takarda. Ta ce sai ta farka za ta ba shi, ba a biyan mai rini kafin zane ya bushe.

Litinin, 26 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sun shiga da ita.

Ƙarfe goma sha ɗaya

Tayil ɗin wannan bangon ɗari uku da goma sha takwas ne.

Ƙarfe ɗaya da rabi

Na sake ƙirgawa. Wulan ta ƙwace mini biro, na karɓo.

Ƙarfe uku

Alhamdu lillahi. Likitan ya fito ya yi magana mai tsawo, kalma biyu na riƙe. Sauran, in ji shi, sai sakamako ya fito nan da kwana goma. Wulan ta rubuta duka.

Laraba, 28 ga wata, bayan la'asar

Yau ta sha kunun shinkafa cokali shida, ta ce na asibitin kamar ruwan wanki. Likita ya zo sanye da sabuwar riga, tana masa yawa a kafaɗa, yana ta juyi gaban ma'aikatan jinya.

Na zo mata da gwangwani biyu a jaka. Na buɗe mai furanni a kan gado na fitar da tsohon katin, na nuna mata, na sa shi a gwangwani na ɗaya, na MAJIYOYI, a gaban kowa. Sannan na karanta mata sabon da na rubuta: «Marubuciyar wasiƙu goma sha biyu Suginah ce, matar Reksowiguno. Wadda ta fara ganowa: Murtini, kicin, 1988.»

Idonta a rufe, na zaci ta yi barci.

«Shekarar ba daidai ba ce.»

Na ce ga shi a tsohon kati da rubutuna.

«A 1988 ka rubuta. Tun 1979 na faɗa maka, ina da cikin Wulan, a kan babur, hanyar gidan mahaifiyata. Ka ce iska ba ta bari ka ji.»

Ban yi gardama ba. Na ciro jan biro na soke, na gyara a gabanta, ta buɗe ido ɗaya ta duba. Ta ce da kyau, wannan ɗalibin zai iya wucewa.

Na juya katin na nuna mata bayansa fari fat. Na ce mata akwai gwangwani ashirin da tara da ba ta duba ba, kati dubu goma sha ɗaya, kuma yanzu ban yarda da ko ɗaya ba sai ta gani. A ƙiyasina aikin shekara goma ne, in ba a yi gaggawa ba.

Ta ce in kawo na biyu gobe, in kuma taho da serabi.